Reshe Biyu a Gwangwanin Madara

Ranar da likita ya ce sai an ƙara mata wani zagayen magani, mahaifiyata ba ta yi masa gardama ba. Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta yi masa godiya, muka fito. Sai da na goya ta a babur muka shiga cunkoson Ndokoti sannan ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Donfak, gida zan tafi."

"Ai gidan muka nufa, Manyi."

"Wannan akurkin naka? Dschang nake nufi."

Na danna ham, na yi kamar ƙarar motoci ta hana ni ji.

Manyi ake ce wa duk macen da ta haifi tagwaye a wajenmu, har mu 'ya'yanta ba mu san ta da wani suna ba. Ni da 'yar'uwata Kenfak ne muka jawo mata shi. Kenfak tana Yawunde da mijinta, tana da shagon atamfa. Ni kuwa tun ina ƙaramar sakandare na ajiye littafi. Na yi yaron mota, na yi dako a bakin jirgin ruwa, na sayar da wayoyi a kan iyaka, na dawo na yi wankin mota, yanzu ina acaɓa a Duwala. Ban taɓa cika shekara a ɗaki ɗaya ba. Da na ga na fara sanin sunayen 'ya'yan maƙwabta sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi.

Ciwon da ke ƙirjin Manyi ne ya sauko da ita daga kan tudu. Asibitin da ke yin maganinsa yana Duwala, shi ya sa ta faɗo hannuna maimakon hannun Kenfak mai falo da kujeru. Ɗakina a Bepanda yake, guda ɗaya, da taga ɗaya mai kallon bangon maƙwabci. Na bar mata gado, na koma katifa a ƙasa. Tsakar gidan siminti ne daga bango zuwa bango, in an yi ruwan sama sai mun tattare wando kafin mu kai famfo.

Zagayen farko ya kwashe mata gashi, ya kwashe mata nama, amma bai taɓa bakinta ba. Da muka iso gida ranar nan ta zauna a bakin gado tana kallon ƙofa.

"Ka san abin da ke hana ni barci a nan?"

"Zafi."

"Zafi dai. Tun ranar da na haife ku ban kwana a ɗakin da babu nkeng a ƙofarsa ba. Manyi babu nkeng, ai kamar an fitar da ni kasuwa ba zane."

Nkeng shi ne itacen zaman lafiya, mai dogayen ganye da siririn jiki kamar rake. Biyu ne a ƙofar ɗakinta a gida, iyayen tagwaye na unguwarmu suka kafa su ranar da aka fito da mu, ɗaya nawa ɗaya na Kenfak. Da na ji haka sai hankalina ya kwanta. In dai wannan ce matsalar, ai mai sauƙi ce. Na kira gwaggona Ma Sonkeng da ke duba mana gida, na ce ta yanko reshe ɗaya daga kowanne, ta ba direban motar safe.

Washegari na ƙetare gada na karɓo su a tashar Bonaberi. An zage ganyensu, sanduna ne biyu da ba su wuce kamu ɗaya da rabi ba, an naɗe su a ganyen ayaba. Manyi ba ta fara duba sandunan ba. Ganyen ayabar ta ɗauka, akwai ɗan jan ƙasar gida a manne a jikinsa, ta kanga a hancinta ta daɗe. Ni dai na juya ina neman abin da ban ajiye ba a bayan ƙofa.

Can ta ce, "Zauna, mai ƙafar yawo. Zan yi magana a gabansu, ka san kuma Manyi ba ta yin magana biyu a gaban nkeng."

Na zauna.

"Itacen nan ba ya kamawa inda ba ya so. In kuma ya kama, yana riƙe wanda ya dasa shi. Zan dasa su a ɗakin nan. In sun yi saiwa sun yi toho kafin ranar da likitanka ya sa, zan zauna in sha maganinsa har ƙarshe. In sun ƙi, ka kai ni tasha, kada in ji bakinka."

Na kusa yin dariya. Nkeng ne fa. Da shi muke shinge a gida, ko a juji ka jefar da shi sai ka dawo ka tarar ya tsaya da ƙafarsa. Na ce na yarda, har na ɗora hannu a kan sandunan.

Ta aike ni neman baƙar ƙasa da yashi. Na samo ƙasar a bayan wani garejin da ke gefen rafi, yashin kuma na roƙa a wajen magina. Na wanke manyan gwangwanayen madara biyu, na huda gindinsu da ƙusa. Da na kawo komai gabanta sai ta ce in je in sayo gawayi.

"Akwai gawayi a buhu."

"To sayo gishiri. Namiji ba ya tsayawa a kan Manyi tana dashe."

"Ban taɓa jin wannan ba."

"Yau ka ji."

Kafin in dawo ta gama. Sandunan suna tsaye a gwangwanayensu a ƙarƙashin taga. Ta shafe kan kowanne da laka, ta naɗe da zaren ganyen ayaba don kada ya bushe ta sama, ta ƙulle da irin ƙullinta mai kunne ɗaya.

Daga ranar aikina ya lalace. Sai in sauke fasinja a Deido, maimakon in tsaya layi in jira wani, in tsinci kaina na kamo hanyar Bepanda. In shigo in durƙusa gaban gwangwanaye in leƙa ta nan in leƙa ta can.

"Ka bar su su sha iska," in ji Manyi. "Ko mace ce ka yi mata irin wannan kallon ai ta gudu."

Mai gidanmu, Pa Ekwalla, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne ɗan asalin Duwala, kullum yana kan kujerarsa ta roba a baranda da kwalba a ƙarƙashinta. Ya leƙo wata rana ya ga gwangwanayen.

"Ku mutanen tudu sai a bar ku. Na ba ka ɗaki ka mai da shi gona. Gobe in tashi in ga akuya a kan gado."

"Akuyar tana hanya, Pa," in ji Manyi. "Da alade. Shi za mu ba kujerarka."

"Mama, ke da aka ce ba ki da lafiya."

"Ƙirjina ne ba lafiya. Harshena bai je asibiti ba."

Ya tafi yana dariya. Da yamma ya aiko mata da gasasshen kifi.

Gaskiyar magana, ba sandunan kaɗai ke dawo da ni gida ba. Tun da na bar Dschang babu wanda ya taɓa jiran dawowata a wani ɗaki. Yanzu kuwa tun daga bakin lungu nakan rage gudu in saurara ko zan ji tarinta. Ranar da ta ji ƙarfi takan jiƙa wake ta yi mana koki, alalen garinmu, da manja, ta dafa ayaba, ƙamshin ya cika gidan har yaran maƙwabta su jeru a ƙofa. Ranar da ba ta da ƙarfi sai ta kwanta ta yi ta ba ni labarin gida kamar ni baƙo ne. Yadda gajimare ke saukowa da safe ya zauna a gonar kofi har ba ka ganin wanda ke gaishe ka. Itacen fiya na bayan madafa da ke jefo 'ya'ya a kan kwano. Waken da ta shuka kafin ta taho, wanda ta ce Ma Sonkeng ba za ta iya yi masa ciyawa yadda ya kamata ba, don Ma Sonkeng a tsaye take noma kamar mai jiran mota. Ina jin ta ina gyara fitilar babur ko ina wanke ruwan taɓo daga takalmi, in ce a raina, bari ta yi ta faɗa, ai a nan take faɗar.

Ita ke ba sandunan ruwa, da ɗan kofi, ba da yawa ba. Kwanaki suka yi ta wucewa. Ciyawa ma ta fito a gefen gwangwani ɗaya, amma sandunan ko alama. Likita ya sa ranar fara zagaye na biyu bayan bikin coci na tsakiyar Agusta, ga shi watan ya kama.

"Ka gani?" in ji Manyi wata safiya. "Ba su son Duwala."

"Haske ne ya yi musu kaɗan."

Na ɗaga su na ɗora a kan tagar kanta. Na sayo takin kaji, ta hana ni zubawa. Na tambayi masu sayar da furanni a bakin titin Bonanjo, suka ce in yi haƙuri, wani reshen yana da nawa. Haƙuri kuwa shi ne abin da aka manta ba a saka min ba.

Wata ranar Lahadi matan garinmu suka zo suka ɗauke ta zuwa coci, daga nan su wuce taronsu na wata-wata. Tana fita na rufe ƙofa. Na san ba a tumɓuke dashe don a duba saiwa, tun ina yaro an sha dukan hannuna a kan haka. Amma na kama sandar farko na murɗa a hankali, ta fito salin-alin ba abin da ya riƙe ta. Gindin ya yi baƙi, ya fara laushi, yana warin ruɓa. Ta biyu ma haka.

Na zauna a ƙasa da su a hannu. Ina jujjuya ɗaya sai lakar da ke kanta ta tsage, wani ɓangare ya faɗi. A ƙarƙashin lakar na ga wasu fararen ƙuraje a zagaye da bakin yankan, biyu daga ciki har sun yi tsawo kamar haƙoran jariri. Na kankare ta biyun, ita ma haka. Saiwa ce. Tana fitowa ta sama, cikin iska, tana neman ƙasa.

Sai a lokacin na dubi jikin sandar da kyau. Kowace gaɓa ta nkeng tana da ɗan ido a samanta, inda toho ke fitowa. Muna yara in muna kafa shinge, Manyi takan bi bayanmu tana duba kowace sanda, wanda ya kafa tasa a juye ta ja masa kunne ta ce ido sama yake kallo. Idanun waɗannan duka ƙasa suke kallo.

Na kira Kenfak.

"Ƙanena, lafiya da ranar Lahadi? Ko babur ɗin ne aka kama?"

"Wane ne ƙanenki? Saurara. Sandunan nan a juye suke. Kai ƙasa, gindi sama. Ina ga maganin nan ya taɓa mata ido."



"Donfak, Manyi ce fa. Matar da ke dasa rogo tana hira tana kallon wani wuri. Ka taɓa ganin ta kafa abu a juye?"

"Ban taɓa ba."

"Kuma ta kore ka kafin ta dasa."

"Ta ce in sayo gishiri."

"Gishiri." Na ji ta ja numfashi. "Sun mutu?"

"Da ransu. Saiwa na fitowa ta sama."

"To juya su. Ka yanke ruɓaɓɓen, ka mai da su yadda Allah ya yi su, ka shafa laka ka ɗaure. Ta yi magana a gabansu, ba za ta iya janyewa ba."

"In ta gane fa?"

"Ta gane mana. Uwa nake so, ba yabo ba. Kai kana ganinta kullum, ni sai a waya. Juya su, don Allah."

Ban tsaya dogon tunani ba, don abin da nake so ke nan in ji. Na wasa wuƙa na yanke baƙin gefen har na kai ga fari mai ruwa. Na sauya ƙasar da ta yi wari, na sa fararen saiwoyin a ciki a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Na kwaɓa laka na shafe kan, na naɗe da zaren ayaba, na yi ta fama da ƙullin nan mai kunne ɗaya har ya yi kama da nata. Na share ɗakin tas.

Da la'asar matan suka dawo da ita. Ta shigo tana dafa bango, ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta kalli taga. Kallo ɗaya.

"Wannan ƙullin ɗan acaɓa ne," ta ce. Ta cire takalmi ta kwanta, ta juya fuskarta bango.

Ba ta ƙara cewa komai a kai ba, ba ta kuma ƙara ɗaukar kofin ruwan ba. Ni na ci gaba da ba su. Nkeng kuwa kamar jira yake. Ba a daɗe ba wani ido ya kumbura a sandar Kenfak, ya fashe, ɗan koren ƙaho ya leƙo. Tawa ta biyo baya. Na ɗan ja sandar da yatsa biyu na ji ƙasa ta riƙe ta gam.

"Manyi, sun yi toho."

"Na gani," ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Na yi magana. Zan zauna."

Na fita na kira Kenfak, ta yi ta godiya ga Allah. Na sayo wa Pa Ekwalla kwalba. Ranar na yi aiki kamar sabon babur ne a ƙarƙashina.

Amma ɗakin ya sauya. Manyi tana cin abin da na ba ta, tana shan magani a kan lokaci, in na ce tashi ta tashi. Labarin gida ya ɗauke. Ba gajimare, ba fiya, ba noman Ma Sonkeng. Ganyen ayabar nan mai jan ƙasa, wanda ta ajiye a ƙarƙashin matashi har ya bushe, na tsince shi a kwandon shara. Pa Ekwalla ya leƙo ya ce, "Mama, ina aladen da za a ba kujerata?" Ta ce, "Sannu, Pa." Ya tsaya jim, ya dube ni, ya koma barandarsa. In na iso bakin lungu ina rage gudu kamar da, in shigo in tarar da mutum a kan gado, amma babu mai jirana.

Ana gobe za mu koma asibiti, da hantsi, ruwa ya hana ni fita. Ina zaune a bakin ƙofa ina kallon yadda yake cika tsakar gida, ita tana kwance. Tohon ya buɗe, kowace sanda da ƙananan ganye masu sheƙi.

"Manyi, me ya sa ba ki faɗa min kawai ba?"

"Na faɗa maka a Ndokoti. Ka danna ham."

Na mai da idona kan ruwan tsakar gida.

Ta tashi zaune da ƙyar, ta jingina da bango. "Kana tsammani don da Faransanci likita ya yi maka magana ban ji ba? Na ga fuskarka. Kuma yarinyar da ke sa min allura 'yar Foto ce, can wajen garinmu, na tambaye ta da yarenmu. Maganin nan na biyu ba ya kore ciwon. Kwana yake ƙarawa."

"Kwanan ai wani abu ne."

"Wani abu ne. Da kai ne a kwance, da na ɗaure ka a gadon asibiti da igiya don in sami ko kwana ɗaya. Ban ga laifinku ba, kai da 'yar'uwarka." Ta yi tari, ta jira ya lafa. "Amma ka tuna yadda aka kawo mijin Ma Sonkeng daga birni? An ciro shi daga firij kamar kifi, an ɗaure akwati a mota, aka shigar da shi gidansa ta kai. Ni da ƙafata na fita daga ƙofata, Donfak. Da ƙafata nake so in shiga. In ga wakena. In zauna a bakin murhuna in ji sanyi a bayana. Ba wani abu mai yawa nake nema ba."

"To ki ce kin fasa."

"A gabansu na yi magana." Ta nuna taga da haɓa. "Na yi musu wayo, suka ƙi. Shi ke nan."

Ruwa na ta dukan kwano. Na dubi gwangwanayen nan, tambarin madarar har ya fara tsatsa. Na yi ta neman wata hanya da zan riƙe ta kuma ta dawo yadda take, ban samu ba.

"Kin ce yana riƙe wanda ya dasa shi," na ce.

"Haka ne."

"Naki dashen bai kama ba. Na tumɓuke shi da hannuna, ba saiwa ko ɗaya a ƙasa. Waɗannan ni na dasa su. Ni na sa ƙasar, ni na yi ƙullin, ke da kanki kin faɗa."

Ta zuba min ido ta daɗe. Sai kafaɗunta suka fara motsi, na ɗauka tari ne, ashe dariya ce, irin wadda rabona da ji tun ranar Lahadin nan.

"Kai? Kai nkeng zai riƙe? Ko igiyar shanu ba ta riƙe ka."

"Sai mu gani."

"Kenfak za ta cinye ka ɗanye."

"Na sani."

Ta miƙo hannu, na matsa, ta kama kunnena ta ɗan ja, ba da ƙarfi ba.

Washegari mun je asibitin, amma don sallama. Likita ya yi mata bayani, ya sake yi, ta saurare shi har ƙarshe ta yi godiya. Ya rubuta mata maganin rage zafi, ya faɗa min inda za a riƙa duba ta kusa da gida. Kenfak kuwa da na kira ta ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ka kyauta," ta kashe wayar.

Na bar wa Pa Ekwalla makulli da kofin ruwa, muka hau motar safe. Manyi ta yi barci har muka wuce Nkongsamba. A filin Santchou ta farka. Da mota ta fara hawan dutse, tana nishi tana zagaye kwana bayan kwana, Manyi ta ce in tura mata gilashi. Iska mai sanyi ta shigo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin itace. Wata mata a bayanmu ta ce a rufe, jaririnta zai yi mura. Manyi ta waiwaya ta ce, "'Yata, rufe shi da zane. Na daɗe ina bin iskar nan bashin gaisuwa." Matar ta ga kanta ba gashi a ƙarƙashin kallabi, ta ja zane ta rufe ɗanta.

Ɗan acaɓa ya sauke mu a bakin hanyar gidanmu. Na sunkuya zan goya ta, ta buge min baya.

"Matsa."

Ta taka a hankali, tana tsayawa tana hutawa, jan taɓo yana kama mata takalmi. Ma Sonkeng ta fito daga gona da fartanya tana kiran sunanta. A ƙofar ɗaki nkeng ɗin nan biyu suna tsaye sun fi ni tsawo, kuma daidai inda aka yanke reshen kowanne, kai biyu sun fito a madadin ɗaya. Manyi ta shafa ganyensu ta shiga. Daga ciki muka ji ta tana tambayar wanda ya bar mata tukunya ba murfi.

Na so in zauna. Karo na farko ke nan da na so zama a wani wuri aka hana ni. Bayan 'yan kwanaki ta ce in tattara.

"Ka bar dashe a hannun Pa Ekwalla. Giya zai zuba musu."

"Zan dawo ƙarshen wata."

"Ka dawo. Ka riƙa juya gwangwanin, in ba haka ba za su karkace wajen taga. Kuma kada ka cika musu ruwa, kai komai naka sai ya yi yawa."

Na yi ta zuwa ina dawowa. Ta ga wakenta, ta zauna a kan tabarma ta ɓare shi da hannunta, ta aiko min da rabona a ƙullin leda, daidai da na Kenfak, don ba a fifita tagwaye. Bayan damina ta wuce, ta rasu, a ɗakinta, da wuta a murhu. A wajen jana'iza Kenfak ta gaishe ni kamar yadda ake gaishe da surukin da ba a saba da shi ba. Har yau in na kira, mijinta ke ɗauka.

Ina nan a ɗakin Bepanda. Damina ta sake zagayowa ta same ni a ciki, har Pa Ekwalla yana tambaya ko lafiya nake. Na san sunayen 'ya'yan maƙwabta duka. Kwanaki wani abokina ya zo da maganar aiki a Libreville, ya ce mota na tashi ƙarshen mako. Ƙafata ta yi ƙaiƙayin nan nata. Na dubi taga na ce masa ya gaishe su.

Nkeng ɗin sun fi ƙarfin gwangwanin madara, na mai da su bokitin fenti. Ɗaya na Kenfak ne, kuma a wajenmu ba a rufe wa wanda ya zo riƙe da nkeng ƙofa. Na san motar da zan hau zuwa Yawunde, na san yadda zan rungume bokitin a cinya don kada ganye ya karye. Sau da yawa nakan sa rana. In ranar ta zo sai in ga wani sabon ganye ya fara leƙowa a naɗe, in ce bari ya buɗe tukuna.

Da safe kafin in fitar da babur nakan juya su, in zuba musu ruwa da kofinta, ba da yawa ba. Ƙasar baƙa ce, ta bayan gareji, amma in ruwa ya taɓa ta takan yi wani ƙamshi na ɗan lokaci. Nakan tsaya har ya wuce, sannan in ja ƙofa.